Bayan an naɗe tabarmar makoki, daga ina mai ba da shawara zai fara?

Walwala_Gusau:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu horar da 'yan sa-kai da ke zama da waɗanda aka yi wa rashi ce, musamman a Gusau, Anka, Tsafe da sauran wuraren da 'yan gudun hijira suka taru. Kwana ukun farko gida cike yake, ana ta "ya haƙuri", kwanuka na shigowa. Ran na huɗu a kwance rumfa, a mayar da kujerun haya, a naɗe tabarmin ƙofar gida, 'yan nesa su hau mota. Sai a bar matar mamaci daga ita sai takalmansa a bakin ɗaki da yara masu tambaya. A ganina nan ne aikinmu yake, amma yawancin 'yan sa-kai ranar farko suke zuwa, su yi gaisuwa irin ta kowa, shi ke nan. Yaushe ya kamata a fara zuwa, sau nawa, kuma in an zauna me za a ce ban da "sai haƙuri"?

NasDinKwakwalwa:
Wa alaikumus salam Malam. Ranar farko ma a je, amma a matsayin mai gaisuwa, takarda da biro su zauna a jaka. Wanda aka yi wa rashi jiya ba ya riƙe magana. Aikin ranar na ido ne: wace ce take jingina da ita cikin matan ɗakin, ta sa wani abu a cikinta ko ko ruwa ba ta sha ba, akwai goyo, akwai maganin hawan jini ko na suga da aka daina sha tun da abin ya faru. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, sai a kwana biyar a ji an kwashi uwar mamaci zuwa asibiti.

Zama na sosai ya fara tsakanin kwana huɗu da bakwai. Daga nan sau ɗaya a mako har arba'in, sai a koma bayan mako bibbiyu har a fita takaba. Minti 30 zuwa 45 ya wadatar, in ya wuce awa kowa ya gaji. A kuma ajiye lissafin ranakun da mikin ke tashi: buɗa-bakin farko ba shi, safiyar salla, ranar rabon gado, ranar cika shekara.

Bakabiya:
A kan me za a ce. In kika tambayi Bahaushiya "ya haƙuri?" amsar a shirye take, "alhamdu lillahi", ƙofa ta rufe. Gaisuwa ce, a yi ta, amma bayanta a kawo tambayar da ba ta da haddaddiyar amsa. "Dare ya yake yi miki?" "Wane lokaci ne ya fi miki nauyi a yini?" Da yawa za su ce bayan isha'i, lokacin da ya saba shigowa da leda a hannu. To daga nan magana ta samu bakin zare.

In ta yi shiru, kada a yi gaggawar cike gurbin. Ki ƙirga ashirin a zuci kafin ki sake buɗe baki. Sababbin 'yan sa-kai shirun nan ne ke ba su tsoro, sai su ɓarke da wa'azi.

Wani abu kuma, takardun horon da ake kawowa daga waje suna cewa a riƙa ambaton sunan mamaci. A nan mace ba ta kama sunan mijinta, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ki saurari yadda ita take kiransa, ko Malam, ko Alhaji, ko baban su wance, ki bi ta a haka.

MalaminZaure:
Hajiya, ban so yadda ake ta rage wa kalmar haƙuri daraja a irin waɗannan tarukan ba. Allah ne ya yi umarni da shi, kuma Annabi (SAW) ya ce wa matar da ya samu tana kuka a bakin kabari haƙuri yana wurin bugun farko. Me za mu ba mutane da ya fi wannan?

Bakabiya:
Allah ya gafarta Malam, ba haƙurin nake ragewa ba. Yadda ake amfani da shi a toshe bakin mutum nake nufi. Mace ta fara cewa "ni fa tun ranar ban runtsa ba", kafin ta kai aya an ce "ke dai yi haƙuri, kukanki azaba ne gare shi". Ta haɗiye sauran. Bayan wata biyu sai ga ta a kemis da ciwon kai da bugun ƙirji da ba a gano dalilinsu.

AlmajirinFikihu:
Malam da Hajiya duk hanya ɗaya kuke. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da maganganun fushi da hukuncin Allah. Hawaye kuwa, Annabi (SAW) ya zubar da su ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne mai "haƙuri kyakkyawa". Ɗan sa-kai ya haddace waɗannan biyun, don tambayar da ke cin mutane a ɓoye ita ce "kukan nan da nake yi, imanina ne ya yi rauni?"

A kuma tuna lokacin da labarin shahadar Ja'afar ya iso daga Mu'uta, umarnin da aka bayar shi ne a dafa wa iyalinsa abinci. Mu yanzu gidan mutuwa ne ke sauke tukwane wa baƙi, har a ci bashi.

Dan_Tsafe:
Wannan batu na abinci gaskiya ne. Buhun da mamaci ya bari shi ake cinyewa kwana ukku, in anka watse marayu su koma sayen awo. Ni dai abin da nike son sani, mi ag gaskiyar matakan jimamin nan biyar da aka koya muna wurin bita? Musu, hushi, ciniki, damuwa, sannan yarda. An ce kowa sai ya bi su a jere.

Likitan_Zuciya:
Ɗan'uwa, ka sauke wannan daga allon bita. Wata likita ce a Amurka, Elisabeth Kübler-Ross, ta kawo su a 1969, kuma daga hirar da ta yi da marasa lafiyar da ke dab da mutuwa ta tsamo su, ba daga waɗanda aka mutu aka bari ba. Babu wani jeri da kowa ke bi. Ɓarnar da suke yi a aikace ita ce ɗan sa-kai ya zauna yana jiran mace ta "kai matakin fushi", in ba ta kai ba ya ce tana ɓoyewa.

Abin da ya fi kusa da yadda mutane suke shi ne bayanin da wasu masana biyu, Stroebe da Schut, suka kawo a 1999. Mai jimami yana kai-kawo ne tsakanin fuskantar rashin, wato kuka da tunani da begen mamaci, da fuskantar rayuwar da ta rage, wato kuɗin makaranta, gona, wa zai riƙa cefane. Da safe tana kuka, da la'asar tana dariya da jikarta, duk lafiya ne. Wanda za a sa wa ido shi ne wanda ya maƙale a gefe ɗaya: ko wadda ko tsintsiya ba ta iya ɗauka bayan watanni, ko magidancin da ya koma kasuwa washegari, ba ya yarda a ambaci matarsa ko da wasa, ga shi yana ramewa.

Walwala_Gusau:
Likita, to a wane wata ne za a ce abin ya wuce jimami ya zama ciwo?

Likitan_Zuciya:
Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya sa aƙalla wata shida, da sharaɗin cewa abin ya zarce yadda al'ada da addinin mutumin suka saba. Na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka ya sa shekara guda ga manya, wata shida ga yara. Ba kwanakin kaɗai ake dubawa ba. Ana duba ko begen mamacin na cin mutum kusan kullum da ƙarfinsa na farko, ya kasa yarda an mutu, ya kasa sana'a da kula da yara. Mai takaba da ke wata na uku tana kuka kullum ba mara lafiya ba ce.

Jin muryar mamaci ko ganin giftawarsa a tsakar gida a makonnin farko ma abu ne da aka sani, yana wucewa. Ku faɗa musu haka tun kafin wani ya ce aljanu ne a fara turara mata barkono.

NasDinKwakwalwa:
Ƙari a kan na Likita: a daina saya wa masu makoki Valium a kemis "don ta samu barci". Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta ce kada a ba mai jimami irin wannan maganin in ba wani ciwo likita ya gano ba. Mako biyu zuwa huɗu ana sha jiki ya saba, a daina barcin ya fi da lalacewa, tsofaffi kuma jiri ya kwashe su a hanyar bayi. Abin da za a gwada: a bar shayi mai ganye da goro daga la'asar, ta fito tsakar gida ta sha hantsi da safe, a rage barcin rana, wata ta riƙa kwana a ɗakin. In ƙirji ya toshe, ta ɗora hannu a ciki, ta ja numfashi ta hanci a ƙirga uku, ta sake shi a hankali a ƙirga uku ko huɗu, na minti biyu zuwa uku. A koya mata a lokacin da take natse, don a tsakiyar firgita ba a koyon sabon abu.

MalaminZaure:
Na karɓi bayanin AlmajirinFikihu. Nana A'isha ma takan sa a dama wa gidan mutuwa talbina bayan mata sun watse, kunun garin sha'ir ne, ta ce ta ji Annabi (SAW) yana cewa tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ku lura, bayan an watse. Malam Walwala, ga amsar tambayarka tun a can.

Uwar_Marayu_Anka:
Duk maganarku a kan wanda aka ga gawarsa aka yi masa sutura ce. Mu a nan rabin matan da ake zama da su ba su san ko su matan aure ne ko zawarawa ba. An tafi da miji daji shekara biyu, waya ta daina shiga. Haka iyalan waɗanda ruwa ya ci ba a ga gawa ba, irin hatsarin jirgin Warrah na 2021 a Kebbi. Ba zaman makoki, ba mai kawo kwano, ba takaba. Me ake ce wa irin wannan?

Likitan_Zuciya:
Anti, wannan shi ne mafi wuya, wata masaniya a Amurka, Pauline Boss, ta kira shi rashin da ba shi da tabbas. Kuskure biyu ake yi. Wani ya ce "ki cire rai, ya mutu", wani ya ce "in sha Allahu yana nan dawowa". Ɗan sa-kai bai san ko ɗaya ba, kada ya faɗi ko ɗaya. Abin da zai iya cewa shi ne "zaman rashin sani shi kansa nauyi ne, kuma ba laifi ki sa rai yau gobe ki ji kin yanke ƙauna". Sai a karkata ga abin da ke hannu: wa ke noma gonar, yaran sun koma makaranta, wa ke amsa waya in baƙuwar lamba ta kira. A sa mutum ɗaya tsayayye a dangi ya riƙa karɓar duk wani labari yana tantancewa, domin masu damfara sun san gidajen nan, suna kira su ce sun gan shi a kawo kuɗin mota. Haɗa irin waɗannan matan su shida zuwa takwas su riƙa zama tare ya fi zaman ɗaiɗai amfani.

AlmajirinFikihu:
Ta fuskar shari'a kuma kada ɗan sa-kai ya yanke mata hukunci da bakinsa. A mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace tana kai ƙara gaban alƙali, a yi cigiya, in ba a samu labari ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Lissafin daga lokacin shari'ar yake farawa, ba daga ranar da aka ɗauke shi ba, shi ya sa jinkirin zuwa kotu ke cutar da mata. In kuma bai bar abin ciyar da ita ba, tana da ƙofar neman rabuwa saboda rashin ciyarwa ba sai ta jira shekarun nan ba. Yanayin ɓatan ma yana canza hukunci, alƙali ne zai duba. Aikinku ku raka ta, ku tabbata wani namiji a danginta ya san da maganar.

Dan_Tsafe:
To sadakar ukku da ta arba'in fa? Wasu sun ce bidi'a ce, amma ni na ga ranar ce kaɗai dangi ka dawowa su ga halin da marayu ke ciki.

Abu_Sunnah_KN:
Bidi'a ce ɗan'uwa, babu ita a sunna, ko an ga amfaninta.

Admin_Zaure:
Jama'a, wannan muhawarar tana da zaurenta, ba nan ba. Ɗan sa-kai yana shiga gidan ɗan Izala, ya shiga na ɗan ɗariƙa, a Zuru ko Tsafe ya shiga na Kirista. Abin da gidan suke yi shi zai tarar, ba gyaran aƙida aka aike shi ba. Mu koma kan tambaya.

Ungozoma_Kaura:
Akwai rashin da ko kwana ukun ba a yi masa: ɓari, da jaririn da ya zo ba rai ko ya koma kafin suna. Maza su ɗauka su kai, a ce mata "Allah ya kawo mai amfani", an gama. Ran na uku nono ya kawo, ya cika ya yi tauri, babu mai sha. A gaya mata tun kafin ya faru. Ta sa rigar nono mai kamawa ba mai matsewa ba, ta riƙa ɗora tsumma mai sanyi, in ya yi tsanani ta tatsa kaɗan don ya sassauta kawai, in ta tatse duka sabo zai kawo. Farasitamol ya isa ga zafin. Zazzaɓi, ko jan wuri mai zafi a nonon, ko jini mai wari, asibiti ranar. A tambaye ta ko tana son ganin jaririn kafin a fita da shi, kada a yanke mata ko ta wane gefe. Wadda kuma ta jera rashi biyu uku har an fara ce mata mai wabi, ta fi kowa buƙatar a zauna da ita, kuma a tura ta awo da wuri a ciki na gaba a bincika dalili.

Malamar_Firamare:
Yara kuma don Allah a daina ce musu "Baba ya yi tafiya". Yaro ɗan shekara huɗu zai zauna a zaure yana jiran mashin. "Yana barci" ya fi muni, sai yaron ya ƙi kwanciya. A ce ya rasu, jikinsa ya daina aiki, ba zai dawo ba, muna yi masa addu'a. Ƙasa da shekara biyar ba su gane mutuwa ba ta da dawowa, za su maimaita tambayar sau goma, a maimaita amsar sau goma. Fitsarin kwance ya dawo, ko maƙale wa uwa, ko faɗa a makaranta, duk jimami ne, bulala ba ta maganinsa. A faɗa masa ƙarara ba shi ya jawo ba, don yara kan ɗauka rashin jinsu ne ya kashe. In za a raba marayu a dangi, a yi ƙoƙari kada a raba 'yan ɗaki ɗaya, kuma a gaya musu kafin ranar, ba su ga ana ɗaure kayansu a buhu ba.

NasDinKwakwalwa:
Abu ɗaya da ba a taɓo ba. In mutum ya ce "da ma ni na tafi", a tambaye shi kai tsaye: "kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, an bincika wannan. Yawanci za su ce a'a, gajiya ce. In ya ce e, a tambayi ko ya shirya yadda zai yi. Wanda ya shirya ba a barinsa shi kaɗai, a sanar da babba ɗaya da ya yarda da shi, a fitar da fiya-fiya da maganin feshin gona da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai shi asibiti ranar. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Sakkwato. Kada a fara da "haramun ne". Ya sani, kuma in ka fara da shi ba zai sake gaya maka ba.

Wanda aka kashe nasa a gabansa kuma, kada a matsa masa ya ba da labari dalla-dalla wai don ya amayar. In ya kawo da kansa a saurara, in ya tsaya a tsaya.

Bakabiya:
Su kansu 'yan sa-kan fa a duba su. A Zamfara da wuya ka samu wanda bai binne nasa ba. Wadda ta rasa ɗa bana kada a tura ta gidan da aka rasa ɗa. Zama mai nauyi kada ya wuce huɗu a yini, a ware layin waya na aiki da ake kashewa da dare, kuma duk mako biyu a haɗu da mai kula da su a sauke abin da aka ɗauko ba tare da kama sunan kowa ba. In ɗan sa-kai ya fara mafarkin labaran da ya ji, ko yana daka wa 'ya'yansa tsawa ba dalili, ko gabansa na faɗuwa in waya ta yi ƙara, a ba shi hutu kafin ya gudu da kansa.

Namiji kuma ba ya zama da mai takaba a ɗaki. In babu mace, a tsakar gida inda ana ganinsu ba a jin su. Zuwa uku huɗu unguwa za ta ce neman aure yake, dangin miji su rufe ƙofa.

Uwar_Marayu_Anka:
Nas, jadawalinki na mako-mako na cikin gari ne. Ƙauyen da sai ranar kasuwa ake shiga da rakiya fa? Waya kuma ta ƙanin miji ce, yana tsaye a kanta har a gama.

Walwala_Gusau:
Nan ne nake ganin sai an horar da wata a cikin garin, ungozoma ko malamar Islamiyya ko matar liman, mu kuma mu riƙa bin ta a waya. Amma sai sirri ya zama matsala, kowa ɗan'uwan kowa ne. Hajiya Bakabiya, ku a wajen Argungu da Yawuri wa kuke zaɓa, kuma kwana nawa kuke ba su horo kafin a sake su su shiga gidaje?

Dan_Tsafe:
Kuma ba wanda ya ce komi kan maza. Magidanci in matatai ta rasu, sati biyu abokai sun fara yi mai zancen wata. Wa ka zama da shi?